Tambaya da Amsa: 'Yata Bakwaini Ce, Ta Kasa Kamo Sa'anninta

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Na haifi 'yata cikin yana mako 32, nauyinta kilo 1.6. Yanzu makonta 10 a duniya, a awon ƙarshe an samu kilo 3. Ɗan maƙwabciyata da aka haifa mako ɗaya da ita ya kusan ninka ta, har yana murmushi, ita kuwa barci kawai take yi. Uwar mijina ta ce nonona ne ba ya isar ta, a haɗa mata da ruwa da koko. Mene ne abin yi? Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya ta. Bisa ga abin da kika faɗa, girman 'yarki yana kan hanya, kuskuren yana cikin ma'aunin da ake gwada ta da shi ne. Cikakken ciki mako 40 ne, ita kuwa ta zo saura mako 8, saboda haka idan za mu duba girmanta sai mu cire waɗannan makonni daga cikin 10 ɗin da ta yi, abin da ya rage mako 2. Ke nan jaririya ce 'yar mako 2, kuma kilo 3 ga 'yar mako 2 ba abin tayar da hankali ba ne. Da wannan lissafi muke bin bakwaini har ya kai shekara 2. Murmushin ma yakan zo ne wajen mako 6 zuwa 8 na gyararren lissafin, don haka lokacinsa bai yi ba tukuna.

Abin da ya fi adadin rana ɗaya muhimmanci shi ne yadda nauyin ke hawa daga awo zuwa awo. Bakwaini yakan rage nauyi a makon farko, wani lokaci har kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sannan ya dawo nauyin haihuwarsa cikin kimanin mako 2. Idan haka ta faru da 'yarki, to ta ƙara giram 1,400 a cikin kwana 56, wato giram 25 a kullum, alhali abin da muke nema a wannan mataki giram 20 zuwa 30 ne. Nonon da ya yi wannan aiki ba za a ce bai isa ba. Ki riƙa kai ta awo a ma'auni ɗaya, a tuɓe ta, a auna tsawonta da zagayen kanta, a rubuta a katinta. Yawanci kai ne ke fara cike giɓi, sai nauyi, sai tsawo, kuma galibinsu sukan kamo sa'anninsu tsakanin shekara 2 zuwa 3.

Game da shawarar Hajiya, uwar mijinki, kulawa ce ta sa ta yi maganar, amma ruwa da koko za su mayar da hannun agogo baya. Cikin jaririyar ƙarami ne, duk abin da ya shiga ya tare wurin nono ne, ga kuma hatsarin gudawa ga hanjin da bai gama ƙwari ba. Nono zalla za ki ci gaba da ba ta, sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, kuma idan barcinta ya wuce awa 3 ki tashe ta, domin bakwaini yana iya jin yunwa bai yi kuka ba. Ki bar ta ta shanye mama ɗaya kafin ki juya ta, saboda nonon ƙarshe ya fi maiƙo. Idan ta gaji tsakiyar tsotso, ki tatsa ki ba ta a ƙaramin kofi mai tsabta. Jiƙa ƙunzugu aƙalla sau 6 a rana alama ce ta ƙoshi. Zai yi kyau Hajiya ta raka ki awo na gaba, ta ga ma'aunin da idonta.

Sai batun sanyi, wanda a Jos ba a wasa da shi, musamman da hunturu. Bakwaini ba shi da isasshen kitse, kuma idan ya ji sanyi, abincin da ya kamata ya zama tsoka shi yake ƙonewa wajen ɗumama jiki. Magani mafi inganci shi ne goyon ƙirji: a sa mata hula da safa da ƙunzugu kawai, a kwantar da ita a tsaye tsakanin mamanki, fata na taɓa fata, kanta a juye gefe ɗaya, a ɗaure da zane. An fara wannan salo a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a soma shi nan take bayan haihuwa, awa 8 zuwa 24 a rana. Binciken da aka wallafa a 2021, wanda har da Ile-Ife a wuraren da aka yi shi, ya nuna soma shi da wuri ya rage mace-macen jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. Mai kilo 3 takan fara mutsu-mutsu tana ƙin zama, sai a taƙaita shi ga sanyin safe da na yamma, kuma mahaifinta ma yana iya karɓarki. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa a guje shi, iskar da yake fitarwa tana kisa.

Ki tabbata tana shan ɗigon maganin ƙarin jini da aka rubuta mata, domin a watannin ƙarshe na ciki jariri ke tara sinadarin ƙarfe, ita kuwa ba ta samu wannan dama ba. Rigakafi ba a yi masa wancan ragin makonni, da ranar haihuwa ake bi, don haka allurar mako 10 ta yi yanzu. Idan ba a duba idanunta ba tun da aka sallame ku, musamman in an sa mata iskar oksijin, ki nemi a duba cikin makon nan.

Kada ki jira ranar awo idan ta ƙi kama mama, ko zafin jikinta ya sauka ƙasa da 36.5 ko ya haura 37.5, ko numfashinta ya wuce 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinta yana lotsawa, ko numfashin ya ɗauke, ko ta yi jijjiga. A irin wannan hali ki ɗaure ta a ƙirji ki nufi asibitin da ke da sashen jarirai, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko da tsakar dare ne.