Ku Tambaya: Mai ilimin zamantakewa yana da gurbi a aikin namun daji?

Tambaya: Baba Malam, na kammala digiri a ilimin zamantakewar al'umma a Zariya, amma tun ina ƙarama zuciyata tana ga namun daji. Mahaifina ya ce wannan aikin likitocin dabbobi ne da masu gadin daji. Shin na yi ɓatan kai? Daga 'yarka a Kawo, Kaduna.

Amsa: 'Yata, ba ki yi ɓatan kai ba. Ki gaishe min da mahaifinki, ki ce masa wannan aikin na yi har na yi furfura, kuma ban taɓa yi wa dabba allura ba. Da mutane nake wuni: manomi, makiyayi, maharbi, matar da ke shiga daji neman itace da ƙwaran kaɗanya.

Farkon fitata bincike, a wani ƙauye ne da ke gefen gandun namun daji na Yankari, wanda aka keɓe tun 1956. Na zo da takardar tambayoyi, ina so in ji ra'ayin jama'a kan giwaye. Wani dattijo ya saurare ni, bai ce uffan ba, ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Ya kai ni gonarsa. Dawa ta kusa isa yanka, amma ga ta kwance kamar an yi birgima a kai, ga sawun giwa mai faɗin faifai a cikin laka. Ya tsinci zangarniya ɗaya, ya murza ta a tafin hannu, ya ce abincin gidansa na shekara ke nan, a dare ɗaya. Har yau ina ganin hannun nan. Wanda aka yi wa haka, in masu farautar giwa ta haram suka kwana a garinsu, da wane baki za ki ce ya kai rahoto?

To, aikinmu shi ne gano irin wannan: wa ke ɗaukar asara, wa ke cin riba, wa ake jin maganarsa a gari, Sarkin Baka ne ko Arɗo ko liman. Sannan mu kai wa hukuma da hujja. A Kenya, binciken wata masaniyar dabbobi, Lucy King, ya nuna giwa na gudun ƙudan zuma, sai aka riƙa kewaye gona da amya ana haɗa su da waya. Dabara ce mai kyau, manomi ya tsira da hatsi ga kuma zuma. Amma wa zai kula da amyar, wa zai sayi zumar? Wannan tambayar taki ce, ba ta likitan dabbobi ba.

Abin da ke min ciwo shi ne Kamuku, nan Birnin Gwari, wadda ta zama gandun daji na ƙasa a 1999. Rashin tsaro ya yi shekaru yana hana masu bincike shiga, kuma mutanen ƙauyukan ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗa. Kada ki nufi can sai da izinin hukumar gandun da ja-gorancin 'yan gari.

Ki fara da abin da ke kusa. Ki leƙa kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka, ki nemi malamin da ke fita ƙauyuka ki riƙa bin sa. Akwai kuma kwalejin kula da namun daji a New Bussa, jihar Neja. Ki ƙware a lissafin ƙididdiga, ki koyi Fulatanci ko da na gaisuwa ne. Kuma ke mace ce: za ki shiga cikin gida ki zauna da matan da ni sai dai in tsaya a zaure in aika musu da tambaya.