Ka nemi wanda zai jira ka, amma ka bar wa kanka rana ɗaya

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce wata uku ke nan kana fara gudu kana bari: sati biyun farko da zafinka, a na uku ƙararrawar waya ta buga ka kashe ta ka gyara kwanciya. Kana so ka san ko ƙungiyar masu gudu za ka shiga, ko ka daure kai kaɗai har jiki ya saba. Shekarata tara ina wannan abu, huɗu ni kaɗai, sauran tare da jama'a. Kowanne ya amfane ni, kowanne kuma ya taɓa kayar da ni.

Yadda ka kwatanta halinka, ba gudun ne ke gagarar ka ba, fitowa daga ɗaki ce. Wanda ya riga ya ɗaure takalmi ya taka titi, da wuya ya koma bai yi komai ba. Rigimar duka tana cikin minti goman nan tsakanin buɗe ido da buɗe ƙofa. Lokacin da nake gudu ni kaɗai, in na farka jikina ya yi nauyi, uzuri ba ya wuyar samu: hadari ya haɗo, jiya ban kwanta da wuri ba, gobe ma rana ce. Babu mai tambayata. Da muka yi alkawari da wani abokin aikina cewa za mu riƙa haɗuwa ƙarfe shida saura kwata a wata kwana, sai abin ya sauya. Har yau ina tuna wata safiya mai sanyi da na makara da minti bakwai. Na hango shi ƙarƙashin fitilar titi, ya cusa hannuwa a hammata, yana tattaka ƙasa don ya ji ɗumi. Bai yi mini ƙorafi ba, "mu je" kawai ya ce. Nauyin da na ji ran nan shi ya riƙa tashina daga barci kusan shekara guda. Sha'awar gudu wata rana tana nan, wata rana babu ita, amma mutum a tsaye cikin sanyi yana jiranka ba ka iya kashe shi kamar ƙararrawa.

Bayan fitowar ma, jiki yakan ba da abin da yake ɓoyewa in akwai wani a gefenka. An daɗe da sanin haka. Tun 1898 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Norman Triplett, ya duba sakamakon tseren keke, ya ga 'yan tsere sun fi sauri in suna tare da wasu a kan in agogo kaɗai suke kora. Roger Bannister, wanda ya fara gama mil ɗaya cikin ƙasa da minti 4 a Ingila ranar 6 ga Mayun 1954, abokansa biyu ne, Chris Brasher da Chris Chataway, suka ja shi bi da bi kafin ya ƙarasa da kansa. Eliud Kipchoge na Kenya kuwa, ranar da ya gama gudun fanfalaki na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a babban birnin Ostiriya a Oktoban 2019, mutum 41 ne suka yi ta karɓa-karɓa suna tsare masa sauri suna kare masa iska, kuma wannan na cikin dalilan da ba a rubuta lokacin a matsayin tarihin duniya ba. Atisayensa na yau da kullum ma cikin jama'a yake yi, a sansanin Kaptagat, ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang. Ni a ƙaramin matakina na ga irin wannan. In zan yi mita 400 sau goma da sauri ni kaɗai, daga na shida zuciyata take fara ce mini ya isa. Cikin mutane kuwa, ido na kan bayan rigar na gabana, kunne na jin takun na bayana, sai in ga an gama goma ban tsaya lissafi ba.

To, ga inda ƙungiya ta kusa raba ni da gudu gaba ɗaya, kuma saboda wannan ne na zauna rubuta maka doguwar amsa. Na shiga wata ƙungiya da yawancin mutanenta sun fi ni ƙarfi. Akan ce yau gudun sannu za a yi, na hutun jiki. Kilomita biyun farko kowa na hira. Sai wani ya ɗan wuce da taku ɗaya, na kusa da shi ya ƙi yarda a bar shi, kafin ka ankara hira ta mutu, sai haki. Ba wanda ya ce a yi tsere, amma tsere ake yi. Ni kuma ina can baya, ƙirjina kamar zai tsage, kunya ta hana ni cewa a rage. Haka na yi kwana huɗu a sati, wata biyu cur. Sai kwaurina na hagu ya fara ciwo. Da farko in na ɗan yi gudu sai ya lafa, na ɗauka ba komai ba ne. Daga baya in na danna yatsa ta gefen ƙashin sai in ji kamar an soka mini allura, saukowa daga matakala ma sai na dafa bango. Likita ya ce in ajiye gudu sati shida. Ba laifin kowa ba ne a cikinsu, mutanen kirki ne. Saurinsu ne ba nawa ba, na ara na yafa.

A zaman jinyar nan na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko. Masu nazarin manyan 'yan gudu, irin su Stephen Seiler, sun lura cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa, kashi 20 ne kawai mai zafi. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, amma ƙashi da agara da gwiwa suna buƙatar watanni, shi ya sa za ka ji kana da sauran numfashi alhali ƙafarka ta fara lalacewa. Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu ba ya buƙatar agogo mai tsada: in ba za ka iya faɗin jimla guda cikakkiya ba tare da yankewar numfashi ba, gudun ya wuce na sannu. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma wannan gudun ya fi sauƙin kiyayewa in kai kaɗai ne, ko tare da mutum ɗaya da kuke daidai.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Abokin nan nawa na ƙarƙashin fitila, aiki ya mayar da shi wani gari. Wata biyu ban taka titi ba. Ashe duk ƙarfin gwiwar da nake taƙama da shi a hannunsa yake, da ya tafi sai ya tafi da shi. Dole na koma na koyi fita don kaina, daga minti ashirin. A wannan gudun kaɗaicin na san jikina: wane ciwo ne na gajiya, wane ne na gargaɗi, yaya numfashina yake in ina daidai. Ranar da na fara gasar kilomita 21.1, ga mutane ta ko'ina, amma daga kilomita 17 babu wanda zai ɗauke mini ƙafa. Abin da ya kai ni ƙarshe shi ne safiyoyin nan da na saba lallashin kaina ba kowa a kusa.

Don haka a halin da kake ciki, ni dai ina ganin ka nemi mutane, amma kada ka miƙa musu satinka duka. Kwana uku sun ishe ka yanzu. Biyu tare da wani, ɗaya kai kaɗai, a hankali, ko da kana haɗawa da tafiya. Minti talatin sau uku minti 90 ke nan, ka ƙara da tafiyar ƙafa a sauran kwanakin, ka doshi minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yi a sati na motsa jiki matsakaici. Kuma ba lallai sai babbar ƙungiya mai riguna iri ɗaya ba, mutum ɗaya mai cika alkawari ya fi talatin da ba za su lura ba ka zo ba.

In ƙungiyar za ka shiga, ran farko kada ka kalli na gaba, ka kalli yadda ake yi da na baya. Ana jiran sa? Akwai rukunin masu sannu? Tsarin parkrun, wanda aka fara a 2004 a wani lambun shaƙatawa na Landan da mutum 13, na kilomita 5 kyauta kowace Asabar, yana sa mutum ɗaya musamman ya riƙa tafiya a can ƙarshe don kada wani ya zama shi ne na ƙarshe. Irin wannan halin nake nema a ƙungiya. In ka ga an watse ana shiga mota tun na baya bai iso ba, ka nemi wata.

Ranar da za ka fita kai kaɗai, musamman da duhu, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi, ka sa riga mai haske, ka riƙa fuskantar motoci masu zuwa, kuma kada ka toshe kunnuwanka duka biyu. In kana da hawan jini, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri in ka motsa jiki, ka ga likita kafin komai.

Ba ka faɗa mana ko kilomita nawa kake yi a satin da kake da zafin ba. Ina zargin kana farawa da yawa ne, shi ya sa a sati na uku jiki yake ƙi. Ka rubuto adadin, da ko akwai inda ke maka ciwo, in ya so sai mu duba yadda za a tsara kwana ukun.