Hanyar Zama Ƙwararren Likitan Yara: Tambayoyinku, Amsoshin Likitocinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyar a karatun likitanci, kuma tun da muka zaga ɓangaren yara raina ya kwanta da shi. Shekara nawa ke gabana kafin in zama ƙwararriya, kuma me zan fara tanada tun yanzu? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'a. Daga ranar da kika kammala digiri, ki ƙiyasta shekara 6 zuwa 8, in komai ya tafi daidai.

Shekarar farko ta koyon aiki ce a ƙarƙashin manya, wata uku-uku a ɓangarori huɗu: cututtukan manya, tiyata, mata da haihuwa, sai yara. Da ita hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ke ba ki cikakken lasisi. Sai shekarar bautar ƙasa. Da zarar kin samu cikakken lasisi ya kamata ki zana jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu masu ba likitoci shaidar ƙwarewa: ta ƙasa, NPMCN, mai hedikwata a Ijanikin ta jihar Legas, ko ta Afirka ta Yamma, WACP. Sau biyu a shekara ake yi. Tushen karatu ake tambaya, kamar yadda gaɓoɓi ke aiki da halittar ɗan tayi, don haka wanda ya bari sai ya yi shekaru yana duba marasa lafiya yakan tarar karatun ya bi ruwa. Kuma sakamakon yana da wa'adi, ba a ajiye shi har abada.

Daga nan sai neman gurbin horo a asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Sakkwato, Maiduguri da Jos. Kafin ki karɓi takardar ɗaukar aiki, ki tabbatar kwalejin da kika zana jarrabawarta ta amince wa sashen yara na asibitin ya ba da horo, kuma amincewar ba ta ƙare ba. Watannin da aka yi a sashen da ba a amince da shi ba, ba sa shiga lissafi. Idan gurbi ya yi wuya, wasu kan kama aiki da gwamnatin jiharsu ta tura su horon tana biyan albashi, bisa sharaɗin su dawo su yi mata aiki.

Horon zango biyu ne. Zangon farko shekara 2 zuwa 3 ne, kuma a nan ake gane wanda zai iya. Za ki zaga ɗakin gaggawa na yara, ɗakin jarirai da bakwaini, ɗakunan kwanciya da wajen duba masu zuwa su koma. Aikin yara aikin sikeli ne: ba a rubuta magani sai an san nauyi. Ruwan da yaro ke buƙata a yini, mililita 100 ne ga kowane kilo a goman farko, 50 a goma ta biyu, 20 ga abin da ya haura. Mai kilo 14 ke nan 1,200 zai samu. Allurar atesunet ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 3 ce ga kowane kilo idan yaron bai kai kilo 20 ba, 2.4 idan ya kai. Ɗigon lamba ɗaya ya goce a lissafi cikin dare, an ninka magani sau goma. Mai tamowa kuwa shi ke kayar da sabon likita: idanu sun faɗa, fata ta yamushe, sai a ɗauka ruwa ne ya ƙare a ɗura masa da sauri, alhali zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Da madara ta musamman mai suna F-75 ake fara masa, kaɗan-kaɗan, kuma ba a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kwanakin farko.

Duk aikin da kika yi da hannunki, kamar ɗibar ruwan ƙashin baya ga wanda ake zargin sanƙarau ko canjin jini ga jariri mai shawara, ki shigar a littafin aikinki a sa miki hannu a ranar. Neman sa hannun shekara biyu a makon jarrabawa wahala ce da mutum ke jawo wa kansa.

Zango na biyu ma shekara 2 zuwa 3 ne, kuma abin da ya fi riƙe mutane a nan shi ne kundin bincike. Sai kwamitin ɗa'a na asibiti da kwaleji sun amince da tsarin binciken kafin a fara tattara bayanai. Wanda ya riga su farawa, aikin banza ya yi. Ki zaɓi batun da marasa lafiyarsa ke zuwa asibitinku kullum, wanda kuma za a iya gwajinsa a nan. Binciken da ke jiran sinadari daga ƙasar waje yakan ci shekara bai motsa ba.

Tambaya: Na haye jarrabawar zangon farko. Hankalina ya rabu tsakanin fannin zuciyar yara da na jarirai. Wanne ya fi? Daga wani likita a Zariya.

Amsa: Barka da arziki, Likita. Tambayi kanka tukuna: a ina za ka zauna bayan horo, kuma wane kayan aiki ke wurin? Likitan zuciya yana buƙatar na'urar hoton zuciya mai kan da ya dace da ƙirjin yaro, da kuma inda zai tura yaron a yi masa aiki. In babu na biyun, zai gano ramin da ke zuciya ƙarara, ya gaya wa iyaye, sannan ya rasa abin yi musu sai magungunan rage kumburi. Duk da haka ana buƙatarsa, musamman don ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, wanda allurar fenisilin ta kowane wata ke hana shi ci gaba.

Fannin jarirai, a ganinmu, shi ne inda hannu ɗaya ke ceton rayuka da yawa da kaya kaɗan: taimakon numfashi a minti na farko bayan haihuwa, ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, fitilar shawara da aka tabbatar da ƙarfin haskenta. Amma shi ya fi cin barci. Canjin jini ga jariri mai kilo 3 yana cin mililita 480, ana zuƙa ana mayarwa kaɗan-kaɗan, kuma shawara ba ta jiran gari ya waye kafin ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Kada kuma ka taƙaita kan biyun nan. A Arewa masu amosanin jini sun cika asibitoci, fannin jini da kansar yara na neman mutane; haka na ƙoda, na ƙwaƙwalwa da farfaɗiya, da na cututtuka masu yaɗuwa, kamar yadda ɓarkewar mashaƙo ta 2023 ta nuna a Kano. Ka nemi a tura ka wata uku a kowane ɗaya daga biyun da kake so, ka lura da wanda kake komawa gida kana buɗe littafi a kansa. Ƙarin horo a cikin Afirka ma akwai, misali shirin Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a asibitin yara na Red Cross, wanda ake sa ran mai shigarsa ya koma gida ya yi aiki.

Tambaya: Ɗana ya gama likitanci, yana son ya riƙa yi wa yara tiyata. Wannan hanyar zai bi? Daga wani mahaifi a Katsina.

Amsa: A'a, Alhaji, ƙofar daban ce. Likitan yara da magani yake aiki. Mai yi wa yara tiyata ta ɓangaren tiyata yake shiga tun daga jarrabawar share fage, ta NPMCN ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, WACS. Sai ya gama zangon farko a tiyata gaba ɗaya sannan ya karkata ga yara.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata huɗu a ɗakin yara. Akwai ƙwarewa irin tamu? Daga Gusau.

Amsa: Akwai, Sista. Bayan rajistar jinya ta farko ana yin kwas na musamman kan jinyar yara, a samu ƙarin rajista daga hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa. Ki bincika a wajen hukumar ko makarantar da kike nema tana cikin waɗanda ta amince da su, sannan ki nemi hutun karatu a rubuce daga ma'aikatarku kafin ki biya kuɗin makaranta, don albashi da ƙarin girma kan tsaya wa wadda ta tafi ba takarda.