Zanen Koriya mai launi ɗaya: mene ne abin kallo a cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hotunan wasu zane-zanen Koriya ta Kudu da ake baje kolinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha. Launi ɗaya ne kawai a shafe, ba mutum ba dabba. Mene ne abin kallo a ciki, har ake sayensu da tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Salon da ka gani shi ake kira Dansaekhwa, kuma ya bunƙasa ne a shekarun 1970. A 1975 aka baje kolin ayyukan masu zane biyar na Koriya a birnin Tokyo, duk farare, kuma yawancin masana daga nan suke fara lissafin tarihinsa.

Hoton waya yana tauye wa waɗannan ayyuka haƙƙinsu, domin darajarsu tana cikin aikin hannu ne. Kamar farar babbar riga ce mai farin aiki: daga nesa fari fat, sai ka matso ka ga wahalar allura. Ha Chong-hyun, tun daga 1974, yakan ɗauki yadi mai kaushi irin na buhu, ya danna fenti mai kauri ta bayansa har ya tsattsafo ta gaba. Park Seo-bo, wanda ya rasu a 2023, yakan yi ta jan layuka da fensir a kan ɗanyen fenti, ya shafe, ya sake ja. A wurinsa maimaitawar hanya ce ta horar da zuciya. Daga baya ya koma amfani da hanji, takardar gargajiyarsu da ake yi da ɓawon itace.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Yun Hyong-keun. Ya sha da ƙyar daga kisa a 1950, farkon yaƙin Koriya. A 1973 kuma aka kama shi bayan ya yi magana a kan maguɗin ɗaukar ɗalibai a makarantar da yake koyarwa. Bayan nan ne ya duƙufa kan zana ginshiƙai masu duhu, cakuɗen ruwan ƙasa da shuɗi, fentin yana nasowa cikin yadin. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai ce babu komai a allon ba.

Sai dai ko a gida ba kowa ya yaba ba. Bayan kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a birnin Gwangju a 1980, masu salon Minjung, wato fasahar talakawa, sun zargi masu Dansaekhwa da yin shiru a zamanin danniya, su kuwa 'yan Minjung suka koma zana manoma da ma'aikata ƙuru-ƙuru. Ina ganin sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta hau kan Yun ba.

Maganar tsada kuwa ta baya-bayan nan ce. Kasuwar ta tashi ne wajen 2014 zuwa 2015, da aka baje su a Amurka da birnin Venice, attajirai suka yi caa a kansu.

In Allah ya kai ka Koriya, ka nemi gidan adana fasahar zamani na ƙasa, MMCA, mai rassa a Seoul, Gwacheon, Deoksugung da Cheongju. Ka tsaya kusa da allon, ka kalle shi ta gefe, domin ta nan ake ganin tudu da kwarin fentin.