Kamfanoni Sun Mayar Mini Da Littafina, Ina Mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala rubuta ƙagaggen labari, na kai wa kamfanonin ɗab'i biyu. Ɗaya ya ce ba ya buga irinsa, ɗayan kuwa har yau shiru kake ji. Shin in haƙura da rubutu ne, ko akwai wata hanya?
Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malama, kada ki ajiye alƙalaminki. Manyan kamfanonin ɗab'i a Nijeriya sun fi karkata ga littattafan makaranta domin su ne ke da tabbacin ciniki, saboda haka sau da yawa lissafin kasuwa ne ke sa a mayar da labari tun kafin a auna ingancinsa.

Magabatanki sun sha wannan. A shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare kuma takarda ta yi tsada, matasan marubuta sun rasa mai buga musu, sai suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano, suna kai littattafan kasuwa da hannunsu. Daga nan aka sami abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano, wanda ya fito da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da 'yar garinku, Bilkisu Ahmed Funtuwa.

Sai dai wannan hanya tana da rauni wanda nake so ki kauce masa: littattafai da dama sun fita ba tare da edita ya duba su ba, kuma kurakuran ƙa'idojin rubutu suka zama abin da masu suka ke kafa hujja da shi. Kafin ki kashe ko sisi a maɗaba'a, ki miƙa rubutunki ga malamin Hausa ko gogaggen marubuci wanda ba zai ji nauyin faɗa miki gaskiya ba, ki kuma daure ki sake rubuta duk babin da ya ce ya yi sanyi.

A halin da ake ciki, ki gwada gajeren labari. Sashen Hausa na BBC yana shirya gasar Hikayata ta mata tun 2016, kuma ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi inda ake karatu da gyara wa juna. Idan za ki saki labarinki a intanet, ki fara da babi kaɗan, ki adana cikakken kwafin a wurinki, domin satar fasaha ta yi yawa a zaurukan WhatsApp.