Ta ina ake kama binciken tarihin addinai?

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗaliba ce nan Maraɗi, an ba mu darasi kan tarihin addinai amma ban gane ta ina ake kama shi ba, kuma in an ce a kwatanta addinai ba neman wanda ya fi ake yi ba?

Amsa: Barka kadai 'yata. Wanda ya fi, wannan maganar aƙida ce, tana da malamanta. Mai tarihi tambayarshi ita ce yaushe abu ya faro, wa ya kawo labarin, ta wace hanya ya iso, kuma mi ya canza a tahiyar.

Farko asalin labari. Mu ba baƙon abu ba ne gare mu, malaman hadisi sun daɗe suna bin isnadi mutum bayan mutum. Yanzu an ƙara da awon kimiyya, kamar warƙoƙin Alƙur'anin nan na jami'ar Bamingam a Ingila da aka auna shekarun fatarsu, aka sanar a 2015 cewa tana tsakanin shekara ta 568 da ta 645 miladiyya. Harshe ma shaida ne, kalmar azumi masana na ganin ta bakin Abzinawa ta biyo kafin ta iso mu, kin ga kalma guda ta nuna hanyar ayari.

Wajen kwatantawa kuwa nan ne ɗalibai ke ba ni tausai wallahi, sai mutum ya ɗauko abin da littafin addininshi ya ce ya aza gefen abin da ya ga mabiyan wani addini na aikatawa a kasuwa, ina adalci nan? Littafi da littafi ake gwadawa, aiki da aiki, zamani da zamani. Albiruni, wani masani Musulmi, da zai yi rubutu kan addinin Indiya wajen shekara ta 1030 sai da ya koyi Sanskirit, harshen littattafansu, tukuna, ya kawo maganarsu yadda su suka faɗe ta, shi ya sa har yau ake komawa gare shi.

Kuma ba sai kin je nesa ba. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadin 1804 Musulmi ne, ga liman ga alƙali, amma ga Iya a fada tana riƙe da sha'anin bori, ga Anna, wato Hausawa masu addinin gargajiya, a ƙauyukan gulbi da nasu tsafin noma da farauta. Ki karanta abin da malaman Sakkwato suka rubuta kan Maraɗi, sannan ki zauna da tsofaffi nan da Tsibiri ki ji nasu bakin, ki rubuta wa ya faɗa miki, shi kuma daga wa ya jiyo. Inda labaran biyu suka saɓa kar ki goge ko ɗaya, ki aje su jere ki nemi na ukku.