Yadda ake rage ƙarar janareta ba tare da an ƙona shi ba

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce janaretanka mai ƙarfin 2.5kVA yana hana maƙwabta barci a gidan haya a Agege, har mai gida ya fara ƙorafi. Wani bakanike ya ce a ɗaura masa salansar mota, wani kuma ya ce a yi masa akwati a lulluɓe da soson katifa, kana son sanin wanne ya fi. Salansa kaɗai ba za ta biya maka buƙata ba. Soson katifa kuwa, don Allah kada ma ka fara.

Ƙarar nan ta hanya uku take fitowa. Akwai ta hayaƙi da ke fita ta salansa, akwai ta jikin injin kansa da fankar da ke sanyaya shi, sai kuma girgizar da ke bin ƙasa ta shiga bango. Yawancin mutane salansa suke zargi, amma a ƙananan janaretoci marasa murfi jikin injin yana da kaso babba. Shi ya sa za ka ga an kashe kuɗi a kasuwar kayan mota ta Ladipo an sayo salansar mota, mai walda ya haɗa, a tayar, a ji sautin ya ɗan yi kauri kawai amma maƙwabci yana nan idonsa biyu.

Kafin ka sayi komai, a duba lafiyar injin. Noti da ya saki, tanki da ke kaɗawa a kan firam, gaskit ɗin salansa da ya ƙone, robobin ƙarƙashin inji da suka tsage, duk suna ƙara ƙara, kuma gyaransu ba tsada. In kana jin ƙas-ƙas daga kan injin, a saita bawul. A canja baƙin mai duk bayan awa 50 zuwa 100 na aiki. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne bakanike ya sassauta gudun injin don ya yi shiru. Irin wannan janareta dole ya juya sau 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da wuta daidai da ta Nepa. In aka rage gudun, wuta ta yi ƙasa, firiji da fanka da injin famfo su ne za su sha wahala.

Daga nan sai ƙasa. Kada ya zauna kai tsaye a kan siminti ko tayil, kada kuma ya jingina da bango. Ka sa roba mai kauri a ƙarƙashinsa, ko ka kwantar da tsohuwar tayar mota ka ɗora faffaɗan katako a kai, ka tabbata bai karkata ba, domin in ya karkata mai ba ya zagayawa daidai. Wanda ɗakinsa ya haɗa bango da wurin shi zai fara jin bambanci.

Nisa ya fi komai araha. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙara tana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma raguwar desibel 10 kunne yana jin ta kamar an rage rabi. Wato matsar da shi daga mita 2 zuwa mita 8 ya rage kimanin desibel 12 ba ka sayi komai ba sai waya. Wayar ta zama mai kauri, murabba'in milimita 2.5 ko 4, ba siririyar da za ta yi zafi ba. Bakin salansa ya kalli fili, kada ya kalli bango ko tagar wani. Na san a gidajen Agege da Idi-Araba da Obalende, inda ɗakuna ke kallon juna, samun mita 8 ba wasa ba ne, amma ko bayan ginin kusa da katanga ya fi lungun tsakiya, inda sauti ke bugun bango biyu yana dawowa.

Maganar akwati ita ce wurin da ake yin ɓarna. Abin da ke tare sauti nauyi ne: bulo, ko katako mai kaurin milimita 18 irin wanda ake samu a kasuwar katako ta Mushin. Soso da kwalin ƙwai ba sa tare komai, iyakarsu su rage amsa-kuwwa a ciki, kuma soson katifa yana kamawa da wuta nan take, ga shi kusa da fetur da salansa mai zafi. In za a shimfiɗa wani abu a ciki, a nemi audugar gilas irin wadda ake sawa a silin, a danne ta da ragar ƙarfe. Kwanon rufi shi kaɗai ma ƙara ƙarar yake yi, don yana kaɗawa kamar ganga.

Injin nan da iska yake sanyaya kansa. In ka rufe shi ruf, cikin ƙanƙanin lokaci mai zai tsinke, na'urar daidaita wuta ta ƙone, ko koyil ya tafi, tankin fetur kuma ya ɗau zafi. Saboda haka a bar aƙalla santimita 30 tsakanin inji da bangon akwati ta kowane gefe. A yi ƙofar shigar iska a ƙasa ta ɓangaren da ake jan igiya, ƙofar fita a sama ta ɓangaren salansa. Kada ƙofofin su zama rami miƙaƙƙe da za ka leƙa ka hango inji. A sa katako a gabansu yadda iska za ta sha kwana sau biyu kafin ta wuce. Iska tana bin kwana, sauti kuwa yana raguwa a kowace kwana. A ƙofar fita a ɗaura fankar zuƙe iska mai faɗin santimita 20 ko 25, a jona ta a jikin janaretan yadda da ya tashi ita ma ta tashi. Ranar farko ka gwada shi da kaya na rabin awa, ka buɗe ka taɓa tanki. In ya fi ƙarfin hannu, iska ba ta isa ba, a faɗaɗa ƙofofin.

Hayaƙi dole ya fita wajen akwatin ta bututunsa. Nan ne salansar mota take da amfani, amma da sharaɗi: bututun da za a ƙara ya fi na asali faɗi, kada ya sha kwana fiye da sau biyu, a sa guntun bututu mai lanƙwasuwa a tsakani don girgiza kada ta fasa walda, kuma inda ya ratsa katako a zagaye shi da ƙarfe. In bututun ya matse, hayaƙi yana komawa, za ka ga fulogi ya yi baƙi, inji yana shaƙewa da an ɗora masa kaya.

Wannan hayaƙin yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci a ƙasar nan. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama mutane ke shigo da janareta lungu ko kicin. Akwati ba ya halatta haka. A waje zai zauna, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga in da hali. Kada a zuba fetur yana aiki ko yana da zafi.

In kuma sabo kake tunanin saye a kasuwar Alaba, kada kalmar silent, wato mara ƙara, da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Lambar desibel za ka duba, da tazarar da aka auna ta, wadda galibi mita 7 ce. Marasa murfi sukan kai 70 ko fiye, masu infata a rufe kuma sukan tsaya tsakanin 50 da 60, saboda suna rage gudu in kaya ba yawa. Sun fi tsada, kuma ba kowane bakanike ne ya iya allon lantarkinsu ba. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Legas, LASEPA, ta sa wa unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana, 45 da dare, kuma maƙwabci yana iya kai ƙara can. Ka sauke manhajar auna sauti a wayarka, ka tsaya a ƙofar wanda ya fi ƙorafi ka auna kafin gyara da bayan kowane mataki. Lambar ba daidai take cif ba, amma za ta nuna maka ko roba da nisa sun wadatar kafin ka kira kafinta.